Nazari a Kan Siffofin Ƙarafa Masu Nauyi a Ruwan Kogunan Birni

Gabatarwa

Duk wanda ya bi gaɓar Jakara da rani, tun daga inda ta baro cikin birnin Kano ta wajen Kasuwar Kurmi har zuwa inda rafin Getsi ya zubo mata ruwan masana'antun Bompai, ba ya bukatar wani masani ya gaya masa cewa ruwan nan ya ɓaci. Launinsa ya isa shaida, warinsa kuwa tun daga nesa yake yi wa mutum maraba. Haka abin yake a rafin Salanta da ke ɗaukar ruwan Sharaɗa, haka kuma yake a wuraren da magudanan masana'antu suke zuba cikin kogin Challawa. To amma abin da ido da hanci suke iya shaidawa shi ne ɓangare mafi sauƙi na wannan matsala. Ƙazantar da take ruɓewa, komai warinta, wata rana ƙarewa take yi. Ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. In ya shiga kogi, iyakarsa ya sauya siffa ko ya sauya mazauni.

Abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa sanin yawan ƙarfen da ke cikin ruwa bai isa ya gaya mana haɗarinsa ba, sai an san a wace siffa yake zaune, da kuma abin da zai iya fitar da shi daga wannan siffar zuwa wata. Watakila wani ya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da batun kimiyyar sinadarai? Amsa ita ce, masu lambun da suke ban ruwa da Jakara, da masuntan dam ɗin Wasai inda take zuba, da leburorin da suke juya fata a masana'antu, da Hausa suke magana, alhali kuwa kusan duk abin da aka rubuta a kan ruwan da suke taɓawa kullum da Turanci yake.

Ma'anar Suna

Bahaushe in ya ce ƙarfe, baƙin ƙarfe yake nufi da farko, wato na garma da na gatari. Sauran kuwa kowanne da sunansa: dalma, da tagulla, da tutiya, da kuza, da zaiba, da azurfa, da zinariya. Wasu daga cikin sunayen nan, kamar zaiba da tutiya, daga Larabci muka aro su, abin da ke nuna cewa ta hanyar fatauci muka san su. Waɗanda suka zo da masana'antun zamani ba mu da suna nasu, don haka a nan za mu ce kurom da kadmiyam da manganis, yadda bakin Bahaushe zai iya furtawa.

Su masana kimiyya sukan kira ƙarfe mai nauyi in nauyinsa ya kai ninki 5 na ruwan da ya yi daidai da shi a girma. Dalma ta haura ninki 11, zaiba ta haura 13, kadmiyam ya kusa 9, kurom kuma ya ɗan wuce 7. Sai dai wannan ma'auni yana da rauni, domin zinariya ta fi su duka nauyi, ta haura ninki 19, ga shi kuwa mata suna sa ta a wuya ba ta cutar da su. Baƙin ƙarfe ma ya shiga lissafin, alhali jinin mutum ba ya yiwuwa sai da shi. Saboda irin wannan ne a shekarar 2002 wani masani mai suna John Duffus ya rubuta wa ƙungiyar masana sinadarai ta duniya rahoto, inda ya nuna cewa sunan ba shi da tsayayyiyar ma'ana. Duk da haka sunan ya riga ya bi baki, mu ma da shi za mu yi amfani, muna nufin ƙarafan da kaɗan ɗinsu yake cutarwa.

Kaɗan ɗin nan yana bukatar bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan mikirogiram 10 cikin kowace lita, kurom 50, kadmiyam 3, zaiba 6. Mikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ke nan in aka narkar da giram ɗaya tak na dalma cikin ruwan da ya cika tankokin mota uku, irin masu ɗaukar lita 33,000, an riga an kai iyaka. Ruwan da ke ɗauke da ninki goma na wannan ma yana iya zama garau, ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Waɗannan ukun kuwa su ne ma'aunan da muka gada na gane ruwa mai kyau.

Abin da Ake Nufi da Siffa

Mafi sauƙin hanyar fahimtar wannan batu ita ce mu leƙa marina, kamar ta Ƙofar Mata. Shunin da marini yake sayowa ba ya narkewa a ruwa. In ka zuba shi cikin ruwan rijiya, kwantawa zai yi a ƙasa, ba kuwa zai kama zane ba. Sai an haɗa shi da toka a karofi, an bar shi ya yi kwanaki yana tsima, har iskar oksijin da ke cikin ruwan ta ƙare, sa'an nan yake komawa wata siffa mai narkewa wadda take ratsa zare. Shi ya sa zane yake fitowa daga karofi kore-kore, sai ya sha iska sa'an nan ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idon mutum, ya kuma kama zaren ya ƙi fita. Shunin nan ɗaya ne tun farko har ƙarshe, kuma yawansa bai ƙaru ba bai ragu ba. Abin da ya sauya shi ne siffarsa, abubuwan da suka sauya ta kuwa su ne kaifin toka da samuwar iska ko rashinta.

To, waɗannan abubuwa biyu su ne manyan masu juya ƙarfe a cikin kogi. Na farko shi ne tsamin ruwa ko kaifinsa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da ita ya karkata wajen tsami irin na lemo, abin da ya haura kuma ya karkata wajen kanwa da toka. Galibin ƙarafa sun fi narkewa in ruwa ya yi tsami. Na biyu shi ne yawan oksijin. Bayan su akwai gishiri, da ruɓaɓɓen ganye da kashi, da yumɓu, kowanne yana jan ƙarfen zuwa wajensa.

A ɗakin bincike, matakin farko shi ne a tace ruwan da wata matata wadda faɗin hudarta mikiromita 0.45 ne, wato ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Abin da ya wuce sai a kira shi narkakke, abin da ya tsaya kuma a kira shi maƙalalle, domin yana maƙale ne a jikin ƙurar laka. Wannan rabo na yarjejeniya ne kawai, don akwai ƙananan ƙwayoyi da suke wuce matatar alhali ba su narke ba. Shi narkakken ma kashi-kashi ne. Akwai wanda yake yawo shi kaɗai, ba abin da ya riƙe shi, wanda masana suke kira ayon, mu kuwa muna iya ce masa sakakke. Akwai kuma wanda ya ɗaure da wani abu, kamar gishiri ko romon ruɓaɓɓen ganye. A shekarar 1976 Sunda da Guillard suka gwada tagulla a kan ƙananan tsirran ruwa, suka tarar cewa illar tana bin yawan sakakken ne. Koguna biyu suna iya ɗaukar tagulla daidai wa daida, kifin wannan ya mutu, na wancan ya yi ta iyo, saboda a ɗayan akwai abin da ya ɗaure ta. Haka nan ruwa mai nauyi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, yakan rage illar, domin kalsiyam ɗin da ke ciki yana rigan ƙarfen tsare ƙofofin shiga jikin kifi.

Mafi yawan ƙarfen da ya shiga kogi ba ya daɗewa a cikin ruwa, laka yake komawa. Don haka mai binciken da ya ɗebi ruwa kaɗai ya bar laka, ya bar rumbun ne ya auna abin da ya zube a bakin ƙofa. A 1979 wasu masana uku a Kanada, Tessier da Campbell da Bisson, suka fito da hanyar da har yanzu ake bi, ko ita ko wadda aka gina a kanta. Sai a ɗauki laka a wanke ta sau biyar, kowane wanki da sinadarin da ya fi na baya ƙarfi. Wankin farko, da ruwan gishiri kawai, yana fitar da ƙarfen da ya ɗan manne a bayan yumɓu. Na biyu, da ɗan tsami, yana fitar da wanda ya haɗu da sinadarin kabonet. Na uku yana narkar da tsatsar baƙin ƙarfe da ta manganis ya saki abin da suka riƙe. Na huɗu yana cinye ruɓaɓɓun abubuwa. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne wanda yake cikin ƙashin dutsen tun asali, wanda ba ruwansa da masana'anta, kuma da wuya ya cutar da kowa. Amfanin wannan rabo shi ne yana gaya mana sharaɗin fitowar kowane kashi: na farko da na biyu a bakin ƙofa suke, na uku yana jiran iska ta ƙare, na huɗu kuma yana jiran iska ta shigo.

Kurom da Jima

A nan ne batun ya fi shafar Kano, don haka za mu ɗan daɗe. Jima tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai, inda ake kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi kafin ta isa. Majeman gargajiya da toka suke cire gashi, da bagaruwa kuma suke jeme fata. Ruwan da suke zubarwa yana da wari, amma na tsiro ne da na dabba, ruɓewa yake yi. Jima da kurom kuwa a ƙarni na 19 aka gano ta, Augustus Schultz ya yi rajistar hanyarsa a Amurka a 1884, kuma a yau mafi yawan fatar duniya da ita ake jemewa, domin aikin da bagaruwa take yi a kwanaki kurom yana gama shi a cikin yini. Fatar da ta fito daga gangar kurom launinta shuɗi-shuɗi ne. Sai dai fata ba ta shanye kurom ɗin duka. Bisa tsohuwar hanya, kusan sulusinsa yana saura a cikin ruwan da za a zubar.

Kurom yana da manyan siffofi biyu, waɗanda za mu kira kurom-uku da kurom-shida. Lambar tana nuna yawan ƙananan ƙwayoyin lantarki, wato ilaktaron, da ƙwayar ƙarfen ta rasa. Masana'antun fata da kurom-uku suke aiki. Shi wannan launinsa kore ne mai shuɗi, ba ya son zama a narke in ruwa ba mai tsami ba ne, nan da nan yake daskarewa ya kwanta ko ya manne wa yumɓu, kuma da ƙyar yake ratsa fatar ƙwayoyin jikin mutum. Kurom-shida kuwa launinsa rawaya ne zuwa ruwan goro, kuma halinsa akasin na ɗan'uwansa ne ta kowace fuska. Dalili shi ne yana haɗuwa da oksijin ya ɗauki cajin lantarki irin na yumɓu, kuma abubuwa biyu masu caji iri ɗaya ture juna suke yi, kamar bakin maganaɗisu biyu masu kama da juna. Saboda haka laka ba ta riƙe shi sosai, sai ya bi ruwa ya yi nisa, ya kuma nutse cikin ƙasa har ya kai ga rijiya. Bugu da ƙari, ƙirarsa ta yi kama da ta sinadarin salfet wanda jiki yake bukata, don haka ƙwayoyin jiki suke buɗe masa ƙofa bisa kuskure. In ya shiga sai ya koma kurom-uku a can ciki, kuma a kan hanyar komawar ne yake lalata ƙwayoyin gado. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a rukunin farko, wato na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam, musamman na huhu ga masu shaƙar ƙurarsa. Yana kuma cin fata ya bar gyambo.

Mai masana'anta yana iya cewa, to ai ni mai sauƙin nake zubarwa. Maganarsa gaskiya ce a bakin bututu, amma ba ta ɗaure kogi ba. A 1979 Bartlett da James suka nuna cewa tsatsar manganis, wadda take cikin ƙasa da laka a wurare da yawa, tana iya mai da kurom-uku ya zama kurom-shida. Sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta shi ma yana iya yin haka in ya tarar da kurom-uku a narke. Wuta ma haka: yankakken fatar kurom da ake tarawa a juji, in aka cinna masa wuta, tokar da ya bari takan ƙunshi kurom-shida, ruwan sama na farko kuma ya kwashe ta zuwa magudana. A ɗaya ɓangaren, akwai abubuwan da suke mai da kurom-shida ya koma uku, wato ruɓaɓɓun abubuwa da narkakken baƙin ƙarfe da sinadarin salfaid, kuma baƙin ruwan birni cike yake da su. Abin mamaki ke nan: ƙazantar da ta sa Jakara wari ita ce kuma take danne kurom a siffarsa mai sauƙi. Inda ya kamata a fi sa ido shi ne can gaba, inda ruwan ya washe, ya sha iska, mutane suka fara amincewa da shi.

A ganina, duk rahoton da ya ce an sami kurom kaza a Challawa, bai kuwa faɗi nawa ne uku nawa ne shida ba, ya yi rabin aiki ne. Ita kanta iyakar mikirogiram 50 ɗin nan ta jimillar kurom ce, ɗaya daga cikin dalilan haka kuwa shi ne wuyar rarrabe su, tun da suna iya sauyawa a cikin kwalba tsakanin bakin kogi da ɗakin bincike. Muhimmancin abin a bayyane yake in muka tuna cewa Challawa tana haɗuwa da kogin Kano a wajen Tamburawa, inda akwai matatar ruwan famfo, daga nan kuma ruwan ya bi ta Wudil ya nufi Haɗeja da Nguru.

Zaiba: Darasi Daga Japan

Babu ƙarfen da ya fi zaiba nuna bambancin siffa. Ruwan zaiba mai sheƙi, irin na cikin ma'aunin zafin jiki, in mutum ya haɗiye shi, hanji ba ya tsotsar ko kashi ɗaya cikin ɗari. Tururinta kuwa huhu yana ɗaukar kusan kashi 80 cikin ɗari. Akwai kuma siffa ta uku, inda zaiba take ɗaure da ƙwayar kabon, ana kiranta zaibar metil. Wannan kusan dukkanta hanji yake tsotsewa, ta wuce har ƙwaƙwalwa, ta kuma ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi.

Duniya ta san wannan ne ta hanyar garin Minamata na ƙasar Japan. Daga 1932 zuwa 1968 kamfanin Chisso yana zubar da ruwan da ke ɗauke da zaibar metil a gaɓar tekun garin. Kyanwoyin da suke cin kifi ne suka fara haukacewa suna faɗuwa. A 1956 aka ba da rahoton cutar a jikin mutane: hannu da ƙafa su mutu, gani ya ƙuntata, magana ta karye, a kuma haifi yara da lalatacciyar ƙwaƙwalwa alhali uwayensu ba su nuna ciwo sosai ba. A 1965 irin wannan ta sake ɓulla a kogin Agano da ke lardin Niigata. Ruwan kansa ba shi da zaiba mai yawa. Abin da ya faru shi ne ƙananan halittu suna tara ta, ƙaramin kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami, kowane mataki tana ninkuwa, domin jikin kifi ba ya saurin fitar da ita.

A Minamata a cikin masana'antar aka ƙera zaibar metil, don haka wasu suka ɗauka cewa inda babu irin wannan masana'anta babu fargaba. A 1969 Jensen da Jernelöv na ƙasar Suwidin suka rushe wannan zato, suka nuna cewa ƙwayoyin bakteriya da ke cikin laka suna iya ɗaukar zaiba ta yau da kullum su mai da ita ta metil. Inda suka fi yin wannan aiki shi ne laka mara iska, mai yawan ruɓaɓɓun abubuwa, wato daidai irin lakar da take taruwa a gindin dam ɗin da kogin birni yake zuba a ciki. Fasassun dogayen ƙwayayen lantarki, da wasu batura, da mayukan bilicin masu zaiba, duk juji suke zuwa, juji kuma magudana yake bi. Yarjejeniyar rage amfani da zaiba da ƙasashe suka amince da ita a 2013, ta fara aiki a 2017, sunan Minamata aka sa mata.

Kadmiyam da Dalma

Kadmiyam sakakke ne a ɗabi'arsa. In aka yi wankin nan biyar ga lakar da masana'anta ta gurɓata, yawanci kaso mai yawa nasa a wankin farko da na biyu yake fita, kuma gishiri yana ƙara sakinsa. Tsiro yana tsotsarsa cikin sauƙi domin yana kama da tutiya, wadda tsiro yake bukata. A kwarin kogin Jinzu, a lardin Toyama na Japan, an yi shekaru ana ban ruwan shinkafa da ruwan da ya biyo ta mahaƙar Kamioka. Kadmiyam ya taru a ƙodar masu cin shinkafar, inda yakan yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Ƙoda ta lalace, ƙashi ya yi laushi har yana karyewa da ɗan motsi, galibi a jikin mata masu shekaru da suka yi haihuwa da yawa. Sunan da aka sa wa cutar, itai-itai, kukan zafi ne, kamar mu ce wayyo-wayyo. Gwamnatin ƙasar ta amince da sanadin a 1968. Abin lura a nan ga manomanmu shi ne ganyaye irin su latas da alayyafo suna cikin tsirran da suka fi ɗaukar kadmiyam, su ne kuwa aka fi shukawa a lambunan bakin rafin birni. Kurom da dalma galibi a saiwa suke tsayawa, ko su zauna a bayan ganye tare da ƙura.

Ita dalma maƙalalliya ce, tsatsar ƙarfe da ruɓaɓɓun abubuwa suna riƙe ta da ƙarfi. Wannan ya sa ba a cika samunta da yawa a narke ba, amma kuma ya sa take daɗewa. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021, amma dalmar da motoci suka fesa a shekarun baya tana nan cikin ƙurar titi da lakar magudanai, ga ta tsofaffin baturan mota da ake fasawa a gefen hanya. Kasancewarta maƙalalliya kuma bai hana ta cutarwa ba, domin cikin mutum tsaminsa ya fi na galibin koguna. Mun ga haka a Zamfara a 2010, inda fiye da yara 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Binciken masana ilimin ƙasa na Amurka ya nuna cewa da yawa daga dalmar dutsen ta riga ta sauya daga siffar salfaid, irin ta baƙin dutsen tozali mai wuyar narkewa, ta koma siffar kabonet, wadda ruwan ciki yake narkarwa nan take. Yaron da yake wasa a busasshiyar lakar bakin rafi yana sa hannu a baki, ta wannan hanyar yake ɗauka.

Rani, Damina da Yashe Rafi

Baƙar lakar da take warin ruɓaɓɓen ƙwai, warin nan na salfaid ne, dangin farar wuta. Masana'antun fata ma suna ƙara shi, domin da shi suke cire gashi. Muddin lakar tana nutse ba iska, salfaid yana ɗaure dalma da kadmiyam da tagulla da tutiya ɗauri mai ƙarfi ƙwarai. Ranar da aka yashe rafin aka jibge lakar a gaɓa, ko ruwa ya janye da rani rana ta buge ta, sai labarin zanen da aka ɗaga daga karofi ya maimaitu, amma a juye: iska ta ci salfaid ɗin, ya koma tsami, tsamin kuma ya saki ƙarafan. Manomin da ya ga baƙar laka ya kwashe ta zuwa lambunsa a matsayin taki yana da hujja, don kuwa tana da abincin shuka, amma tare da shi ya kwaso abin da aka tara na shekaru, ya kuma sa shi a inda zai kwance.

Da damina ruwa yana da yawa, yana surka abin da ke ciki, sai dai ambaliya tana tono laka ta kai ta fadamun da ke gaba. Da rani kuwa ruwan da ke bin irin waɗannan rafuka kusan dukkansa na magudanan gidaje ne da na masana'antu, ba abin da zai surka shi, kuma a daidai lokacin ne mai lambu ya fi bukatarsa. Saboda haka awon da aka yi a watan Agusta ba ya wakiltar na watan Maris, ko da a wuri ɗaya aka ɗebi ruwan.

Sanin siffa yana kuma gyara mana wasu dabarun gida. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa ƙarfe, hasali ma in ruwan ya ƙone ya ragu, ƙarfen ƙara kauri yake yi. Alif da ake jefawa a randa yana tattara ƙurar laka ya kwantar da ita, don haka yana tafiya da maƙalallen ƙarfe, matuƙar an tsiyaye ruwan an zubar da guibar. Kurom-shida kuwa alif ba ya iya masa sosai, ruwan zai washe ya bar shi a ciki. Wanke ganye da ruwa mai tsabta yana rage dalmar da ke bayansa, amma kadmiyam ɗin da ya riga ya shiga cikin ganyen ba ya wankuwa.

Wurin da ya fi sauƙin kama ƙarfe shi ne cikin masana'anta, kafin ruwan ya gauraya da wani. Ruwan gangar kurom in aka ware shi, aka zuba masa abu mai kaifi irin magnesiya har ma'aunin pH ya kai wajen 8, sai kurom-uku ya kwanta, a kwashe shi, a narkar da asid, a sake jima da shi. Wannan hanya sananniya ce, ana kuma amfani da ita a ƙasashe masu sana'ar fata. Nijeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a 1988, bayan da aka gano sharar guba da aka jibge a Koko daga Italiya, sa'an nan a 2007 aka kafa NESREA don tilasta bin ƙa'idoji. Awon da irin waɗannan hukumomi ya kamata su riƙa nema daga masana'anta shi ne wanda ya raba kurom-uku da kurom-shida, ya haɗa da lakar da ke ƙasan bututu, a kuma yi shi a tsakiyar rani.